Yadda Malam Maitama Ya Faɗi Intabiyun Gadi

Ranar Talata, biyar ga Nuwamban 2024, aka fara wannan cin mutunci, kuma har yau ba a gyara ba.

Da safiyar ranar Malam Maitama, tsohon hedimasta mai ritaya, ya sauka daga babur ɗin haya a ƙofar ofishin wata ƙungiyar manoman masara a Funtua. Daga Maska ya taso, ya biya ta gonarsa, ƙasan wandonsa da ƙaiƙayi. Ƙungiyar na neman mai gadin sitonta, domin kaka ta yi kuma buhuna sun fara shigowa.

Ya tarar da mutane a kan benci, kowa da takardunsa a leda. Ya yi sallama ya zauna, tunda bai saba kutsawa ofis ba sai an ce ya shigo. Shi ba ya riƙe da komai sai biro a aljihu.

A ciki, sakataren ƙungiyar, Alhaji Isah, yana ta leƙa titi ko wata mota za ta tsaya. Da ya gaji, sai ya ce wa Hajiya Bushra, ma'ajiya, su fara kawai, manyan mutane ba su san lokaci ba. Ya leƙo waje ya ce dattijo ya fara shigowa, saboda girma.

“Baba, ina takardunka?”

“Ni kirana aka yi, Alhaji.”

“Kowa ma kiransa aka yi. Zauna can.”

Ya zauna inda aka nuna masa. Aka tambaye shi ko ya taɓa gadi, ya ce ya yi shekaru yana kula da 'ya'yan mutane, ko ɗaya bai ɓace ba. Aka tambaye shi ko zai iya kwana a sito, ya ce bai ga dalili ba. Aka tambaye shi abin da zai yi idan ɓarayi suka zo, ya ce zai fara tambayar wanda ya sa wa ƙofar sito wancan ƙaramin kwaɗo. Daga nan ya nemi sanin ma'aunin da za a bi wajen zaɓe, ya kuma nuna musu cewa bai dace a yi intabiyu taga a buɗe ba.

Ba su rufe tagar ba.

Ashe ba a daɗe ba da Alhaji Isah ya dawo daga wani kwas, inda aka koya musu cewa a daina sallamar mai neman aiki da “za mu neme ka”, a gaya masa gaskiya a gabansa. Malam Maitama ne ya fara ɗanɗana wannan ilimi.

“Baba, kada ka ji haushi. Ka cika surutu, ka cika gyara, kuma ƙarfinka ya ƙare. Ko gadin akuya ba za mu ba ka ba.”

Hajiya Bushra ta ƙara da cewa ya koma gida ya huta, Allah ya ba jikoki ikon riƙe shi. Malam ya buɗe baki, aka ce na gaba ya shigo.

A kan bencin akwai waɗanda ya koya wa karatu. Kafin ya isa Maska labarin ya riga shi. Yanzu a teburin mai shayi ana ce masa “Maigadi”. Matarsa Kulu ta daina zuwa biki, domin sai a ja ta gefe a tambaye ta ko abin ya kai haka. Wani tsohon ɗalibinsa ya aiko masa da buhun masara, tare da saƙon a yi haƙuri da rayuwa.

Ni da abin ya faru da ni, ba na ƙin a gaya wa mutum gaskiya a wurin aiki. Rayuwata duka na yi ina gaya wa malamai da ɗalibai ita. Amma kafin ka gaya wa mutum gaskiya, ka fara tambayar sunansa.

Saboda haka ni, Maitama, ina buƙatar Alhaji Isah da Hajiya Bushra su ba ni haƙuri a bainar jama'a, a babban taron ƙungiya, da lasifika, su bayyana wa kowa cewa ban je neman gadi ba: ni ne wanda shugabansu ya gayyato domin in jagoranci kwamitin intabiyun.