Kafin Taya Ta Juya

Injin yana gurnani, amma motar ta ƙi haura tudun ƙofar gida. Kayana suna baya. Wanda ya sayi gidan yana tsaye, riƙe da makullin ɗakin da matata ta rasu a ciki.

Ina kan sitiyari, ɗana ya leƙo ta tagar motar. "Baba, taka da ƙarfi mana! Na canja mata na'urar giya. Sai inji ya hau sosai take kamawa, sannan ta fizga."

"Sannu, injiniya. Uwarka ta bar mota mai ladabi, ka haukata ta."

A ganinsa tsufa ne ya ci ƙarfina. Alhali jiya na karance littafin na'urar kaf. Na san daidai inda zan tsayar da ƙafata don kada taya ta juya.