Ranar da na zauna kan akwatin Madam Rashel

Ina da shekara takwas lokacin, a garin Vaulx-en-Velin. Madam Rashel maƙwabciyarmu ce, tsohuwa Bayahudiya, ita ke riƙe ni ran Laraba in Inna ta tafi aiki. Kaka nake ce mata.

A lakwal, wato makaranta, wata ƙawata ta faɗa min abin da fastonsu ya ce: in Yahudawa duka suka koma Isra'ila, Almasihu zai dawo, duniya ta tashi. Shi ya sa, in ji ta, suke son Yahudawa, suna musu addu'a su koma.

Ran Laraba ina shiga, sai ga akwati a bakin ƙofa, ja, mai warin kafur! Na haye kai na zauna.

"Sauka, 'yata, jirgin ƙasa ba ya jira."

"Kaka, in kin tafi duniya za ta ƙare."

Na kwashe labarin duka na faɗa mata. Ta ce garin Marsai za ta, ba Isra'ila ba, wajen ƙanwarta, Lahadi ta dawo. Ta zauna kusa da ni kan akwatin.

"Masu ƙina sun ce in tafi. Masu sona ma sun ce in tafi. Ke kaɗai kika ce in zauna."

Yanzu wallahi ba abin da ba na karantawa kan maganar nan. Wasu na cewa ƙauna ce, wasu na cewa tsohuwar ƙiyayyar Yahudawa ce ta sake kama. Ni dai abin da na sani, ran Lahadi ta dawo, har da tsarabar sabulu.