Katangar Bahago

"Katanga ta Bahago ce," in ji alƙali.

Bahago ya fito daga kotu yana baza riga, ya sha gaban maƙwabcinsa Sabo, ya tofa masa yawu a takalmi. "To, munafuki, ka ji da kunnenka!"

Katangar ƙasa ce, ita ta raba gidajensu a Ƙofar Kibo. Tun ana kashe fam da sule suke shari'a a kanta, har naira ta shigo. Gonar Bahago ta tafi, keke ya bi ta. Matarsa Mero ta gaji da kwana da yunwa, ta kwashe yara ta koma gidan iyayenta. Da ƙara ta kai babbar kotu, lauya ya faɗi kuɗinsa, sai Bahago ya kira dillali a ɓoye ya sayar da gidan, bisa sharaɗin zai zauna ciki har a yanke hukunci.

"Amma ban da katangar," ya ja wa dillali kunne. "Ita kam sai dai bayan raina."

Bai tambayi mai saye ba, dillali kuwa bai faɗa ba.

Sabo ya goge takalminsa a ƙasa, ya yi murmushi.

"Na ji, Malam Bahago, katanga taka ce. Gidan hagu nawa ne, na dama kuma ni na saya. Hukunci ya fito, wa'adinka ya cika. Kafin Juma'a ka zo ka kwashe katangarka daga tsakiyar gidana."