Ruwan Bankwana

Tsohuwar ta furzar da ruwan, ya gangaro mata a haɓa.

"Kai ɗan nan, a bakin mutuwa za ka yi mini wayo? Wannan ba Ganga ba ce."

Ɗanta ya tsaya riƙe da butar tagulla. A addininsu kowa ya san ba a barin mutum ya cika sai an ɗiga masa ruwan Ganga, kogi mai tsarki, a baki. Amma shi tun yana saurayi yake cikin kwalekwalen masu tsabtace kogin a birnin Kanpur, yana tsamo leda da ruɓaɓɓun furanni da mushen karnuka da raga. Abin da ya kwashe da safe, kafin yamma magudanan majemu sun amayo ninkinsa. Ƙafafunsa duk gyambo ne. Shi ya sa ya sayo ruwan roba a shago, ya juye a butar.

"Inna, wannan ya fi tsabta. Kin kuwa san abin da ke cikin kogin nan?"

"Tsabta ta ci gidansu! Ruwan nan lami ne, ko wari babu. Uwarmu Ganga na ce ka ɗebo mini."

Ya sauka matakalan bakin kogi, ya ture kumfa da hannu, ya cika butar da baƙin ruwa.

Warin jima ya riga shi shiga ɗakin. Fuskar tsohuwar ta washe.

"Yauwa," ta ce, ta buɗe baki. "Ga ta nan ta iso."