Kiɗan Lambar Yaya

Ranar da na yanki kunnen mutum na uku, mai shagon askin da nake aiki ya karɓe rezar daga hannuna.

"Ko ka gyara hannun nan, ko ka nemi wani wurin."

Hannun ba shi da laifi. Akwai kiɗan da na sa wa lambar yayana a waya. Da ya tashi sai yatsuna su hau rawa, don na san abin da zan ji: "Marar amfani, kai ka sa wa Baba hawan jini. Aski ma sana'a ce?" Shekara shida ke nan. Na gaji.

Da yamma na cire layin, na jefa a kwandon gashi. Inna kaɗai na ba sabuwar lambata.

"Ɗan'uwanka ne fa," ta ce.

"Na sani, Inna."

Wata biyar suka wuce. Jiya ina gyara wa wani dattijo gemu, reza a maƙogwaronsa, sai kiɗan nan ya tashi a aljihunsa.

"Ɗana, in ɗauka?"

Na dubi hannuna. Ko gezau bai yi ba.

"Bari in gama, Baba. Mai kiran ya jira."