Yatsan Hambali

"Miƙo hannunka!" in ji Hambali, ya kama yatsun abokinsa Amiru a bakin kanal, yana aunawa da karan shinkafa.

Ɗazu ya ji likita a rediyo yana cewa wanda yatsansa na zobe ya fi manuniya tsawo, ya sha sinadarin mazantaka tun yana ciki. Daga nan injin ban-ruwa ya tashi, bai ji sauran ba.

Nasa ya fi. Na Amiru bai fi ba.

"Hannun mata gare ka!" in ji Hambali. Manoma suka kwashe da dariya.

Da ya koma gida ya shiga yi wa matarsa Ummulkhairi fankama.

Ta ce, "Malam, ni na ji shirin har ƙarshe. Cewa ya yi masu irin hannunka wataƙila sun fi fuskantar ciwon dajin maza, su riƙa zuwa gwaji."

Tuwon ranar bai shiga ba.

Da safe sai ga shi a ƙofar gidan Amiru. "Don Allah kai ni asibitin Kura."

Amiru ya dubi babur ɗinsa, ya dubi hannunsa. "Wannan hannun matan zai iya tuƙa sadauki kuwa?"