Jar Rigar Baba

Wata Asabar da la'asar a Woodbridge, ina ƙarama, Baba yana kallon ƙwallon kwando sanye da jar rigar wata jami'a. Maƙwabci ne ya ba shi ita a sanyinmu na farko, tun daga nan ƙungiyarsu ta zama tamu.

Abokinsa Dakta Sani ya shigo, ya fashe da dariya. "Malam Idi, direban tasi da rigar jami'a? Ko ƙofarta ka taɓa shiga?"

Baba ya dafa kaina. "Wannan za ta shiga."

Amma bai ƙara sa rigar a gaban baƙi ba. Na shiga jami'ar bayan rasuwarsa. Rigar tana wurina, kuma har yau ban yafe dariyar nan ba.